Tsallen Kwaɗo Ba Motsa Jiki Ba Ne

'Yan uwa ɗalibai, musamman ku na Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke haramar fita TP, da 'yan uwanmu na Gadau, da likitocin gobe na jami'ar kiwon lafiya ta nan Azare. Rubutun nan dogo ne, na faɗa tun da wuri. Wanda datarsa ke numfashin ƙarshe ya ajiye shi sai ya samu wata, amma don Allah kar mutum ya karanta layi uku ya sauko ƙasa yana ba ni fatawa.

Kwana biyun nan ana ta kai ruwa rana a kan shawarar da wasu 'yan uwanmu masu karanta PHE suka kawo. Suka ce duk wanda aka tura firamaren gwamnati ya roƙi hedimasta ya ba shi minti goma sha biyar kafin a shiga aji, ya fitar da yara su motsa jiki, wai hakan zai rage cin zalin da suke yi wa junansu. Kafin ka ce kwabo an rabu gida biyu. Wasu na cewa a sa su gudu kawai, in gumi ya fita mugunta ma za ta bi shi. Wasu kuma dariya suka yi, suka ce aikin banza ne, harara a duhu, ai da duka da cin zali yaro ke zama namiji, mu ma haka aka yi mana ga shi ba mu mutu ba.

Ni ina tare da shawarar. Amma dalilin da masu ita suka kafa bai tsaya da ƙafarsa ba, kuma in aka yi ta yadda suke kwatantawa, wallahi sabon filin cin zali za mu buɗe da hannunmu. Zan zo kansu. Bari in fara da 'yan "mu ma haka aka yi mana", don su suka fi ba ni haushi.

Malam, kai da ka ce an yi maka ba ka mutu ba, ina sauran 'yan ajinku? Ku nawa kuka shiga aji ɗaya, ku nawa kuka fita aji shida, ku nawa ne yau ke riƙe da katin ɗalibi? Kai ka tsira, shi ya sa muke jin muryarka a Facebook. Wanda bai tsira ba yana tashar mota yana dako, ko yana Bakin Kasuwa yana tura baro, ko an yi mata aure tuntuni, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsu ra'ayinsu. Ban ce cin zali kaɗai ya kore su ba, talauci ya fi kowa laifi. Amma yaron da a gidansu ba a damu ya je ko kar ya je ba, wanda uwarsa ma ta fi son ya ɗauki farantin talla, igiyar da ta ɗaure shi da makaranta siririya ce ƙwarai. Mari uku da ƙwace kuɗin tara sau biyu sun isa su tsinka ta. Ɗan ma'aikaci in aka dake shi, gobe ubansa zai faka mashin a ƙofar ofishin hedimasta. Ɗan mai dako in aka dake shi ya koma gida yana kuka, ce masa za a yi, "To zauna mana, dama wa ya aike ka?" Hannu ɗaya ne ya mare su, amma ɗaya ya koma aji, ɗaya ya bar boko ke nan har abada.

Kuma ku daina kiran abin nan horo. Horo yana da mai yin sa, yana da dalili, yana da iyaka. Wane darasi ƙaton ɗan aji shida ke koya wa ɗan aji biyu sa'ad da ya ƙwace masa ƙosai ya tura shi cikin ƙasa? Darasi ɗaya ne tak: mai ƙarfi shi ke da gaskiya, ka yi haƙuri ka girma kai ma ka rama a kan na ƙasa da kai. Kuma yaran suna haddace shi tsaf. Shi ne siniyan da ke sa juniya wankin kaya da ɗibar ruwa a makarantar kwana. Shi ne wanda a hostal yake aiken sabon ɗalibi kamar yaron gidansu. Shi ne wanda in ɗan ƙauye ya tashi yin tambaya a lakca ya yi tuntuɓe da Turanci, zai fara ƙyaƙyata dariya har sauran su ɗauka, yaron nan ba zai sake ɗaga hannu ba sai ya gama makaranta. Mu Guddirawa ma da ake tsokanar Hausarmu in mun je Kano ko Zariya, mu ne ke dawowa gida mu tsokani wanda ya fito daga ƙauyen da ya fi namu nisa da kwalta. Gobe a ba irin wannan mutumin kaki ko kujera, sai mu zo nan muna rubuta dogon sharhi a kan zaluncin shugabanni.

Abin nan ba namu ba ne mu kaɗai. A 2019 hukumar UNESCO ta fitar da rahoto a kan cin zali a makarantun duniya, ta ce kusan ɗalibi ɗaya cikin uku ya sha cin zali daga 'yan uwansa aƙalla sau ɗaya a cikin watan da ya gabaci tambayar. A ƙasashen Afirka kudu da Sahara adadin ya kai kashi 48 cikin ɗari, mu ne kan gaba. Wato a yankinmu kusan rabin aji. In da duka da cin zali ke gina mutum, da yanzu mu ke jan ragamar duniya.

To yanzu ku zo mu kalli safiya ɗaya a firamaren gwamnati. Ko a Matsango ne, ko Madara, ko Chinade, ko can garin Katagum na Zaki, hoton kusan ɗaya ne. Yara kan fara isowa tun wajen ƙarfe bakwai. Malamai kuwa, musamman na makarantun ƙauye, da yawansu a cikin Azare suke zaune, sai sun jira mota ta cika ko sun lallaɓa mashin da ɗan man da ya rage. Ba zagin malamai nake yi ba, kowa ya san albashin, kowa ya san kuɗin mai. Amma tsakanin isowar yaro na farko da isowar malami na farko akwai wani lokaci, wani wurin minti ashirin, wani wurin awa guda cur, da makaranta ba ta da babba ko ɗaya. A wannan lokacin gwamnati ita ce monita da wanda ya fi kowa ƙashi. A nan ake raba shara, kuma kun san hannun wa tsintsiya ke faɗawa. A nan ake laluben aljihu. A nan ake raba wurin zama, masu ƙarfi a benci in akwai, sauran a ƙasa. A nan ake raɗa sunayen da ke bin yaro har girmansa: mai ƙora, mai faso, ɗan ƙauye, mai warin kifi, almajiri. Ku lura da sunayen nan da kyau, kusan dukkansu sunayen talauci ne. Ba a tsokanar yaro don ubansa na da mota.

Sai a buga ƙararrawa, a tsaya asambili, a tare ƙofa don makararru. Su wa ke makara? Yarinyar da sai ta sayar da kokon uwarta kafin a sallame ta. Yaron da ya yi sahu uku zuwa famfo da jarka. Wanda ya tashi daga makarantar allo bayan asuba ya kai awaki bayan gari. Wanda ya tako daga rugarsu, ko a damina ya zagayo ta doguwar hanya saboda ruwa ya cinye ta kusa, kamar yadda 'yan Zaki da Gamawa suka sani sarai. Yaron nan ya yi aikin da kai ɗan kwaleji ba ka yi ba tun da ka farka, ya iso yana haki, cikinsa ba komai. Me muke tarbarsa da shi? Kama kunne. Gwale-gwale a kan tsakuwa. Tsallen kwaɗo daga ƙofa zuwa aji, firifet na biye da shi da tsumagiya, sauran yara na kallo ta taga suna dariya.

Wannan shi ne motsa jikin da ɗan talaka ya sani a makaranta. A wurinsa gudu hukunci ne, tsalle hukunci ne, zagaya fili hukunci ne. PHE ɗin da ke cikin jadawali kuwa a kan allo ake yin sa: malam ya rubuta tsawon filin ƙwallo da faɗinsa, yara su kwafa, a yi jarrabawa, a ci. Akwai yaran da suka samu maki mai kyau a darasin wasanni ba su taɓa riƙe ƙwallon makaranta ba.

Shi ya sa, 'yan uwana na PHE, in kuka je kuka ce "kowa ya fito a yi gudu", sannan kuka miƙa wa firifet usur kuka koma gindin darbejiya kuna latsa waya, me kuka yi? Kun ɗauki wanda ke cin zalin nan kun ba shi lasisi. Da yana dukan yaro a ɓoye, yanzu zai dake shi a fili da sunan "ɗaga ƙafa". Kuma gudun tsere yana jera yara ne daga na farko zuwa na ƙarshe a gaban kowa. Wa zai zo na farko? Wanda ya karya kumallo, mai takalmi, wanda ya girme wa ajin da shekara uku. Wa zai zo na ƙarshe? Kun san shi. Gobe yana da sabon suna.

Maganar wai gumi na fitar da mugunta kuwa, ku ajiye ta. Mai cin zali ba ƙarfi ne ya yi masa yawa ba, 'yan kallo yake nema. Wata malamar jami'ar Turku a ƙasar Finlan, Christina Salmivalli, ta yi shekaru tana nazarin wannan, ta nuna cewa cin zali aikin taro ne: akwai mai yi, akwai masu taya shi, akwai masu dariya, akwai masu kau da kai, sai 'yan ƙalilan masu kare wanda ake cuta. A kan wannan suka gina shirinsu na KiVa, wanda ya fi mai da hankali ga canza halin 'yan kallo, don in dariya ta ɗauke, kasuwar mai cin zali ta watse. Ka sa shi ya zagaya fili sau goma ba ka taɓa 'yan kallonsa ba, abin da ka samu shi ne azzalumi mai ƙarin numfashi.

To in haka ne me ya sa nake goyon bayan shawarar? Saboda wani abu da masu ita ba su ma ambata ba: tana tilasta wa babba ya tsaya a fili a daidai lokacin da babu babba. Dan Olweus, wanda ya jagoranci binciken da ya biyo bayan gangamin yaƙi da cin zali na ƙasar Norwe a 1983, bayan wasu yara uku sun kashe kansu, ya gano cewa gwargwadon yawan malaman da ke tsaye a fili lokacin hutun tara, gwargwadon raguwar cin zali. A Amurka akwai wata ƙungiya, Playworks, da aka kafa a 1996, aikinta shi ne ta ajiye mutum guda a makarantun unguwannin talakawa ya tsara wa yara wasa a lokacin hutu. Da aka gwada makarantun da ke da shirin da waɗanda ba su da shi, malaman makarantun da ke da shi sun ba da rahoton ƙarancin cin zali da wariya. Ku duba abin da aka ƙara a wurin nan. Yaran dama suna gudu, ba wanda ya koya wa yaro gudu. Abin da aka ƙara shi ne babba mai ido, da wasa mai ƙa'ida wanda kowa ke ciki. Wannan muna da shi, ko in ce za mu iya samunsa, ba sai Bankin Duniya ya ba mu rance ba.

Kuma safiyar ita ce daidai, ko don yanayin garinmu. Wanda ya san Azare a watan Afrilu ya san cewa daga ƙarfe goma ba mai hankalin da zai fitar da yaro fili. Ƙarfe bakwai da rabi kuwa akwai sauran sanyi. A hunturu ma ɗan motsin nan shi zai ɗumama yaron da ya zo da riga ɗaya yana karkarwa, hannunsa ya ƙi riƙe fensir.

Akwai magana ɗaya da masu adawa suka faɗa wadda gaskiya ce, kuma ba zan tsallake ta ba: yaron da bai karya ba, da wane ƙarfin zai yi? Shirin ciyar da 'yan firamare da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2016, na 'yan aji ɗaya zuwa uku ne kawai, a kan naira 70 kowane yaro, aka mai da shi naira 100 a 2022, sannan a Janairun 2024 aka dakatar da shi tare da sauran shirye-shiryen tallafi. Wanda ya yi koyarwa a lokacin da abincin ke zuwa zai gaya maka yadda aji ke cika ranar da masu dafuwa suka zo. Wannan bashi ne a wuyan gwamnati, kuma mu ci gaba da bin sa da babbar murya. Amma hujjar yunwa hujja ce a kan gudu mai nisa da tsallen kwaɗo. Abin mamaki, masu kawo ta ban taɓa jin sun kawo ta a ƙofar makaranta sa'ad da ake sa mayunwacin yaron nan tsallen kwaɗo ba. A can yunwarsa ba ta dame su ba, sai da aka ce a bar shi ya yi wasa.

Wasa nake cewa, ku ji da kyau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar kimanin awa guda na motsa jiki a kullum. Ɗan talakan Guddiri yana cika wannan awar kafin ɗan mai kuɗi ya gama shan shayi, amma da jarka a ka da faranti a hannu. Wahala ba ta yi masa ƙaranci ba. Abin da ya rasa shi ne minti goma sha biyar da zai zama yaro a cikin yara, ba mai aikensa, ba mai dukansa, kuma a ƙidaya shi cikin mutane. A garin Stirling na Sikotlan wata shugabar firamare, Elaine Wyllie, ta fara wani abu a 2012 da ya bazu ƙasashe da dama: minti goma sha biyar a waje kullum, da kayan da yaro ya zo da su, ba tsere, mai gudu ya yi gudu, mai tafiya ya yi tafiya. A Japan tun 1928 suke da ɗan motsa jikin safe da ake bi ta rediyo, 'yan mintuna ne, har tsofaffi na yi. Duk cikinsu ba inda aka ce sai yaro ya galabaita.

Mu ba ma sai mun je aro ba. Muna da langa. Ba ta bukatar takalmi, ba ta bukatar ƙwallo, ba ta bukatar ko sisi, kuma har a gasar wasanni ta ƙasa ana yin ta tare da dambe da kokawa. Ku tuna yadda take: kowane ɓangare na da wanda ake kira ruwa, sauran aikinsu su kare shi su buɗe masa hanya har ya je ya sha. To kai malam, kai za ka raba ɓangarorin, kuma kai za ka naɗa ruwa. Ɗauki ƙaramin yaron nan da ake ƙwace wa ƙosai ka ce shi ne ruwa. Ɗauki ƙaton da ke ƙwacewa ka sa shi a ɓangarensa. Yanzu girman ƙaton nan a idon 'yan kallo ya rataya a kan kada kowa ya taɓa ƙaramin. Ƙarfin dai shi ne, 'yan kallon su ne, sai dai yau tafin da zai samu na kariya ne. Ban ce rana ɗaya za ta mai da shi waliyyi ba. Amma zango guda yana jin ana yi masa shewa don ya tsare wani, wani abu zai motsa a kansa. Langa na da ture-ture, na sani, shi ya sa dole kana tsaye, kuma kar ka haɗa 'yan aji ɗaya da 'yan aji shida a fili guda.

Rabon ɓangarori kuwa kar ka kuskura ka bar wa yara. Tsarin nan na a tsayar da manya biyu kowa ya riƙa zaɓen nasa, wulaƙanci ne da aka yi wa ado. Kullum yaro ɗaya ne ke saura a tsaye, ana jayayya a kan wa za a ɗora wa shi. Jera su ka ƙirga ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, magana ta ƙare. Gobe ka sake jeri.

'Yan mata fa? Wani ya rubuta wai iyaye ba za su yarda 'ya'yansu mata su yi tsalle-tsalle ba. Haba malam, kamar ba a garin nan ka tashi ba. Wa ya hana su 'yar gala-gala da gaɗa da tsallen igiya a ƙofar gida? A ware musu gefensu, malama ta tsaya musu, hijabi bai hana komai ba. Kuma 'yan uwa mata masu fita TP, ku kun fi mu sanin cewa cin zalin 'yan mata ba kasafai yake zuwa da mari ba. Da "ba ma yi da ke" yake zuwa, da toshe hanci in mai tallan nan ta zauna kusa, da matsawa a bar mata benci ita kaɗai. Ba tabo, ba jini, ba abin da za a nuna wa hedimasta. A da'irar gaɗa ne za ki ga wadda ba a kama wa hannu.

Ku kuma 'yan jami'ar lafiya, ga inda za ku yi amfani maimakon gyara mana Turanci a ƙarƙashin rubutu. A kowace makaranta akwai mai sikila, akwai mai asma da ƙurar hunturu ke tayar masa, akwai wanda shan inna ta taɓa wa ƙafa, akwai wanda bai gama farfaɗowa daga zazzaɓi ba. Ku rubuta mana a shafi ɗaya, da Hausa, alamun da malami zai gani ya ce wa yaro ya huta. Kuma wanda ba zai iya tsalle ba kar a ajiye shi gefe kamar kaya. Shi za a ba usur ɗin. Shi zai ƙirga ci.

Bari in faɗi wadda za ta yi wa wasu zafi. Da yawanmu TP a wurinsu hutu ne. Ranar da aka ji sufabaiza zai zo, a sha guga a zo da wuri da littafin darasi tsaf. Sauran ranaku sai rana ta take. Wani kayan aikin da ya fara nema ranar farko bulala ce, tun bai san sunan yaro ko ɗaya ba, wai don kar a raina shi. Kwalejin nan tun 1977 take yaye malamai a garin nan. Mafi yawan malaman da ke firamarorin yankin nan irinmu ne, daga irin kujerun da muke zaune a kai suka tashi. Don haka in muna neman wanda za mu nuna wa yatsa a kan abin da ke faruwa ƙarfe bakwai na safe, ba sai mun je Abuja ba.

Abuja ma ai mun ga yadda take yi. A ƙarshen Nuwamban 2021 da Sylvester Oromoni, ɗalibin kwalejin Dowen ta Legas, ya rasu, iyayensa suka yi zargin cin zali, ƙasar nan gaba ɗaya ta ɗauka, aka rufe makarantar, aka yi ta shari'a har 2024 da mai binciken musabbabin mutuwa ya wanke makarantar da ɗaliban da aka zarga. A Afrilun 2024 bidiyon wata ɗaliba da 'yan uwanta ke mari a makarantar Lead British ta Abuja ya fito, kafin kwana biyu minista ta isa wurin, aka rufe makarantar na kwana uku. Ban ce kar a yi ba, ɗan kowa ɗa ne. Amma waɗannan makarantu ne da kuɗin zango ɗaya ya fi abin da wani uban ke samu a shekara, kuma akwai waya a hannun yaran. Yaron da ake yi wa haka kullum a bayan ajin da ba ƙofa ba taga, wa zai ɗauke shi bidiyo? Wace minista ce za ta shigo ta hanyar Bulkachuwa don shi? Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatunsa kyauta ne kuma dole. A 2021 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta fitar da manufa guda a kan tsaro da kawar da cin zarafi a makarantu. Takardu ne masu kyau. Takarda dai ba ta tsayawa a fili ƙarfe bakwai da kwata.

Wani zai ce to in mun gama TP mun tafi, ai shi ke nan abin ya mutu. Zai mutu in ka yi shi kai kaɗai don a ce ka yi. Tun makon farko ka je wurin hedimasta da ladabi, ba da Turancin lakca ba. Ka ce, "Ranka ya daɗe, alfarma nake nema, a bar ni in riƙa zuwa da wuri ina tsayawa da yaran kafin asambili." Ba hedimastan da zai ƙi wanda ya zo neman ƙarin aiki. Ka jawo malami ɗaya na dindindin, ya fi kyau wanda ke zaune a garin, ku riƙa yi tare. Ka nemi shugaban kwamitin iyaye da ke kula da makarantar ka gaya masa abin da kuke yi, don kar labari ya isa gari cewa ɗan kwaleji ya zo yana ɓata wa yara lokaci. Sannan ka roƙi abu ɗaya, ko da na zangon nan ne kawai: wanda ya makara ya shigo cikin wasan a inda ya tarar, a tambaye shi dalili daga baya, a ajiye tsallen kwaɗo. Za a ce maka makara za ta ƙaru. Ka ce a gwada wata ɗaya a duba rajista. Yaron da ya san bulala ke jiransa in ya makara, juyawa yake ya tafi yawo sai an tashi ya bi sahun masu komawa gida. Wanda ya san langa ake yi, da gudu zai ƙaraso.

Masu fita makon gobe, abu biyu nake so kowa ya rubuto mana a nan bayan kwana biyar a makarantar da aka tura shi, ba sai ya faɗi sunanta ba: ƙarfe nawa yaro na farko ke isowa, ƙarfe nawa malami na farko ke isowa. Kuma sai ka je da kanka ka gani, kar ka tambayi monita.